Kafin ka sayi na'urar da ke cin faifan kowace ƙasa, ga abin da za ka duba

Wani abokina ne ya aiko min da fim daga Amurka, faifai sabo dal a cikin ledarsa, fim ɗin da na daɗe ina nema. Na zura a DVD ɗina sai kawai rubutu ya fito a talabijin wai ba za a iya kunna wannan faifan a wannan yankin ba, na ciro na goge na mayar, amma ko gezau. Ashe faifan lafiyarsa ƙalau, na'urar ma haka, kulle ne aka sa musu da gangan tun daga kamfani. Tun ranar na shiga neman na'urar da ba ruwanta da wannan kullen, wadda masu sayarwa ke rubuta wa multi-region ko region free, kuma babban abin da na gano shi ne wannan rubutun na jikin talla bai isa ka zaro kuɗinka ba, sai ka yi tambaya dalla-dalla.

Ka fara sanin kullen tukuna. DVD ya fito a Japan a 1996, ya shiga Amurka a 1997, kuma tun farko kamfanonin fim suka raba duniya gida shida, saboda a lokacin fim kan fito a sinimar wata ƙasa watanni kafin wata, ga kuma haƙƙin rarrabawa da ake sayar wa dillalai ƙasa-ƙasa, ba sa so faifan can ya zo ya kashe kasuwar nan. Lamba 1 Amurka da Kanada ne. Lamba 2 Turai da Japan da Gabas ta Tsakiya, har da Masar da Afirka ta Kudu. Lamba 3 kudu maso gabashin Asiya da Koriya ta Kudu, 4 Latin Amurka da Ostareliya, 5 sauran Afirka da Rasha da Indiya, 6 kuma Sin. Ka juya bayan kwalin faifai za ka ga ɗan hoton duniya da lamba a cikinsa, in ka ga 0 ko ALL to wannan ba kulle, ko'ina zai yi.

Da Blu-ray, faifan da ya gaji DVD da hoto mafi kyau, ya zo a 2006 sai aka sake rabon, wannan karon gida uku da haruffa. A ya ɗauki nahiyar Amurka gaba ɗaya da Japan da Koriya da kudu maso gabashin Asiya, B ya ɗauki Turai da Afirka da Gabas ta Tsakiya da Ostareliya, C kuma Rasha da Sin da Indiya. Ka lura fa rabon biyu bai hau kan juna ba, Japan da Ingila gida ɗaya suke a DVD amma a Blu-ray sun rabu, haka Indiya da yawancin Afirka suna tare a lamba 5 amma a Blu-ray ɗaya C ɗaya B. A nan ne mutane da yawa ke faɗawa rami, domin na'ura ɗaya tana ɗauke da kulle biyu daban-daban, ana iya buɗe na DVD a bar na Blu-ray a rufe, mai kaya ya rubuta region free kuma bai yi ƙarya ba, kai ne ba ka tambaya ba. Don haka tambayarka ta farko ke nan, kuma ka sa ya amsa maka a rubuce: DVD daga 1 zuwa 6 duk tana ci? Blu-ray A da B da C fa?

Amma kafin ma ka je ga mai kaya, zauna ka zazzage faya-fayanka ka ga me kake da shi. In duk DVD ne to aikinka mai sauƙi ne, ƙaramar na'urar DVD ta ishe ka, da yawansu ma ana buɗe su da wasu lambobi da ake dannawa a rimot, kuma kowace irin na'ura da nata lambobin. In kana da tsofaffin VCD su ba su da kulle sam, sai dai ba kowace na'urar Blu-ray ke karanta su ba, ka duba littafinta kar ka ɗauka dole za ta yi.

Blu-ray ne mai wuyar sha'ani. Manyan kamfanoni ba sa fitar da na'ura a buɗe, sharaɗin lasisinsu ne su kulle ta, to duk wadda ka gani ana cewa tana cin A da B da C wani ne ya saya ya kwance ta ya yi mata aiki a ciki, yawanci ƙaramin allon lantarki ake ƙara mata a ciki ko a canza manhajar da ke tafiyar da ita. Ma'ana garantin kamfanin asali ya riga ya tashi, abin da ya rage maka garantin wanda ya yi aikin ne, to ka tambaye shi wata nawa ne, kuma in ta lalace wa zai biya kuɗin mayarwa. Sannan ka tambayi batun sabunta manhaja, wasu in ka haɗa su da intanet suka sabunta kansu kullen na iya dawowa. Ni dai tawa ban taɓa haɗa ta da intanet ba kuma na kashe sabuntawa a saitinta, sai wanda ya sayar min ya ce babu matsala sannan zan taɓa.

Wani abu da ba a cika faɗa ba, yawancin irin waɗannan na'urori DVD ne kawai suke ganewa da kansu, Blu-ray kai za ka zaɓi shiyya da hannunka, ka kashe na'urar ka danna wani maɓalli a rimot, lamba ko mai kala, sai ta tashi a A ko B ko C. Ba wahala in ka saba, amma a nuna maka tun ranar farko.

Sai maganar PAL da NTSC, wannan ba kulle ba ne, tsarin hoto ne tun zamanin tsohuwar talabijin. DVD ɗin Amurka da Japan NTSC ne mai layi 480, na Turai da yawancin Afirka PAL ne mai layi 576. Talabijin da ake sayarwa a ƙasashen PAL galibi suna karɓar duka biyun, amma waɗanda aka yi wa kasuwar Amurka da yawa ba sa karɓar PAL, sai ka ga an buɗe kulle lafiya lau amma allo baƙi ƙirin ko hoto na rawa. In irin wannan talabijin gare ka to ka nemi na'urar da ke juya PAL zuwa NTSC a cikinta.

Wuta kuma kar ka yi wasa da ita. Amurka 120 ne ƙarfin wutarsu, Japan 100, Turai da Afirka da Indiya 220 zuwa 240. Ka karanta rubutun bayan na'urar da idonka, in an rubuta 100 zuwa 240 shi ke nan sai dai ka canza kan fulogi, in kuwa 120 kawai ka gani ka soka ta a wutar 230 ba transifoma, nan take za ta ƙone.

Labari mai daɗi yana wajen 4K Ultra HD Blu-ray, faifan da ya fi Blu-ray na yau da kullum tsabtar hoto, da ya fito a 2016, shi ba shi da kullen yanki, duk inda ka sayo zai yi. Sai dai sau da yawa kwalin na zuwa da faifai na biyu, Blu-ray na yau da kullum mai ɗauke da ƙarin hirarraki da bayan fage, shi wannan yana iya zuwa a kulle. In za ka sayi ta 4K ka duba ko tana da Dolby Vision, wani tsarin ƙara wa hoto haske da kala, in talabijin ɗinka na da shi, ɗan'uwansa HDR10 kam duk suna da shi, kuma ka sayi wayar HDMI mai kyau. Kar ka dogara da PlayStation ko Xbox, wasanninsu ba kulle amma faifan fim na DVD da Blu-ray suna bin yankin da aka saye su. Kwamfuta kuwa sau biyar take barin ka canza yankin DVD, daga nan ta tsaya a kan na ƙarshe.

To anya ma ya dace mutum ya zuba kuɗi a wannan harka yanzu? Gaskiya kasuwar na ƙanƙancewa, ba zan ɓoye maka ba. Oppo, da masu son hoto mai kyau ke ji da ita, ta sanar da daina ƙera na'urorin a 2018, Samsung ta daina fitar da sababbi a Amurka a 2019, LG ma ta janye a ƙarshen 2024. Netflix ta rufe aika DVD ta gidan waya a Satumbar 2023, a shekarar Disney ta daina sayar da faifai a Ostareliya, sannan Best Buy ta sauke faya-fayan fim daga kantocinta a farkon 2024. Cikin manya Sony da Panasonic ne suka rage, sai wasu ƙanana masu tsada.

Duk da haka ni ban ga mutuwar faifai ba, abin da nake gani shi ne yana komawa hannun masu sonsa da gaske, kamar yadda faifan garmaho ya yi, wanda a 2022 ya zarce CD yawan sayuwa a Amurka karon farko tun 1987. Kamfanoni irin su Criterion da Arrow da Kino Lorber suna ta gyara tsofaffin fina-finai suna fitarwa da kyau, kuma da yake haƙƙin ƙasa ɗaya suke saya sai ka ga fim ya fito a A kawai ko a B kawai, kaga ke nan yadda kasuwa ke raguwa haka buƙatar na'ura buɗaɗɗiya ke ƙaruwa. Ga kuma inganci, faifan 4K na ɗaukar gigabait 66 zuwa 100, hoton da ake turo maka ta intanet kuwa an matse shi sosai don ya wuce ta waya, za ka gane bambancin a wuraren duhu da kuma sauti. Abin da ya fi damuna ma shi ne mallaka, fim ɗin da ke manhajar kallo yau gobe lasisi ya ƙare an cire shi, ko a yanke wani sashe ba a gaya maka ba, wanda ke kan kantarka kuwa yana nan yadda ka saye shi, ko da netwok ko babu.

Ranar da na'urar ta iso ka gwada ta nan take tun lokacin mayarwa bai wuce ba, da DVD na yankuna biyu daban da Blu-ray da ka tabbata a kulle yake, domin da yawa ABC ne a jikinsu, kowace na'ura za ta ci su, ba za su nuna maka komai ba. Ka ajiye ta inda iska ke shiga, ka rufe ta daga ƙura saboda idon leza, faifai kuma a tsaye cikin kwalinsa nesa da rana da danshi, in za ka goge daga tsakiya zuwa baki da ƙyalle mai laushi. Sannan ka nemi rimot na biyu iri ɗaya tun ana samu, tunda da shi ake canza shiyya, ka rubuta matakan canzawar a takarda ka manna a ƙasan na'urar.