Yadda ake raya ɗan hanji a faranti

Wata ɗaliba 'yar unguwarmu a Makka ta tambaye ni aikin da nake yi a ɗakin gwaje-gwaje a Jidda. To ƙanwata, ga shi. Oganoyid muke rayawa, wato ɗan mitsitsin hanji, bai kai ƙwayar gero ba. Toshiro Sato da Hans Clevers suka fara shi a Utrecht ta Holan a 2009, da hanjin ɓera. Mu nan dole ce ta sa: sankarar babban hanji ita ce kan gaba a tsakanin mazan Saudiyya.

Bayan majiyyaci ya sa hannu, likita ya yanko tsokar hanjin mai sankara, ki ɗauko ta kan ƙanƙara, ki wanke sau da yawa da ruwan gwaji mai maganin ƙwayoyin cuta. Hanji ne, kin san abin da ke cikinsa. Ki yayyanka, ki narkar da ita da kolajines, sinadarin da ke warware tsoka zuwa ƙwayoyi.

Sai Matrigel, jelin da ƙwayoyin ke girma a ciki, wanda halinsa a juye yake: ruwa ne a digiri 4, ɗumi ke daskarar da shi. Tun dare za ki sa shi a firji, tallaja inji mutanenmu. Ni a karon farko na bar shi kan tebur na tafi sallar azahar, na dawo ya kafe kamar tuwon jiya. Ki gauraya shi da ƙwayoyin, ki ɗiga a faranti, ki kifa a digiri 37 har ya kama, sannan ki zuba ruwan abinci mai sinadaran girma: EGF, Noggin, R-spondin da Wnt. In ƙwayoyin sankara kike so zalla, cire Wnt da R-spondin: yawancin wannan sankarar ta lalata APC, ƙwayar gadon da ke taka wa girma birki, ba ta buƙatarsu, lafiyayyun ƙwayoyin kuwa sai su mutu su bar miki fili.

Amma fa wannan hanya fatar cikin hanji kaɗai take rayawa, sojojin garkuwar jiki ɓacewa suke yi. In su ne tambayarki, bi hanyar da ɗakin Calvin Kuo na Stanford ya fitar a 2018: kada ki narkar da tsokar, ki daddatsa ta kawai, ki binne cikin jelin kolajin, samanta na shan iska, ƙasanta na shan ruwan abinci, ki ƙara IL-2, sinadarin da ke raya sojojin garkuwa. Ƙwayoyin T, wato wani rukunin sojojin, za su yi 'yan makonni a raye, saboda haka ki tanadi maganin da za ki gwada tun kafin a kira ki ɗakin tiyata.