Yadda Ake Fitar Da Aikin Ofis Daga Zauren WhatsApp Ba Tare Da Fayiloli Sun Ɓace Ba

Ƙananan ofisoshi da ƙungiyoyi da yawa a zauren WhatsApp suke gudanar da komai: umarnin oga, rahoton wata, hoton rasit, gaisuwar Juma'a, har da sanarwar suna. Zaure ɗaya na ɗaukar mutum 1,024, kuma ana iya tura fayil mai girman gigabait 2, shi ya sa ake ganin kamar ya wadatar. Sai dai ba a yi shi don riƙe aiki ba. Umarnin da aka bayar ranar Litinin, kafin Alhamis saƙonni sun binne shi. Ma'aikacin da aka ɗauka yau ba zai ga hirar watannin baya ba. Wanda wayarsa ta faɗa ruwa kuma, fayilolin da ke cikinta sun bi ta.

Tsarin da ke ƙasa na tawagar mutum 4 zuwa 10 ne, da manhajojin kyauta. In ofishinku ya riga yana biyan kuɗin Microsoft 365, kada ku ɓata lokaci, ku yi wannan tsarin da Teams da OneDrive da Planner, tunda kun riga kun biya.

Mataki na 1: Rubuta dokar gida kafin ka sauke kowace manhaja

Layi uku ne kawai. Fayil yana zama a Google Drive. Aiki yana zama a Trello, manhajar allon bin diddigin ayyuka. Hira tana zama a zaure. Duk abin da aka ajiye a wurin da ba nasa ba, a ɗauka ba a ajiye shi ba. Masu farawa sukan tsallake wannan su buɗe manhaja huɗu rana ɗaya, bayan sati biyu sai ka ga rahoto ɗaya yana yawo a wuri huɗu, kowa na rantsuwa nasa ne na ƙarshe.

Mataki na 2: Mallakar fayil

Nan ne aka fi yin asara, don haka a nutsu.

Buɗe asusun Google ɗaya da sunan ofis, ba da sunan oga ko sakatare ba. Sa masa tantancewa mai mataki biyu, kuma mutum biyu su san kalmar sirrin. Lambar wayar da za a ɗaura masa ta zama layin ofis. A cikin wannan asusun za ka ƙirƙiri babbar folda, ka raba ta ga kowa ta adireshin imel ɗinsa.

Ga abin da yawanci ba a sani ba sai ta ɓaci. A asusun Google na kyauta, duk wanda ya ƙirƙiri fayil ko ya loda shi, shi ne mai shi, ko da a cikin foldar ofis ya sa shi. Folda ta ofis ce, amma fayil na akanta ne. Ranar da akanta ya bar aiki, ya zauna yana share tarkacen asusunsa don samun wuri, lissafin shekara guda zai faɗa kwandon shara na asusunsa, bayan kwana 30 kuma Google ya goge shi gaba ɗaya. Ba mugunta ya yi ba, shi ma bai san abin da ya share ba. Sauran ma'aikata sai dai su buɗe folda su ga wayam.

Abu na biyu, nauyin fayil a kan mai shi yake hawa. Gigabait 15 ɗin da Google ke bayarwa kyauta, Gmail da Drive da Google Photos ne ke rabon su. Ma'aikacin da hotunan biki suka cika masa asusu ba zai iya ƙirƙirar sabuwar takarda ba, imel ma zai daina shigo masa, sai ya ɗauka matsalar sabis ce.

Maganin kala biyu ne. Na farko, duk muhimmiyar takarda, irin kasafin kuɗi, jerin abokan ciniki, kwangila, a ƙirƙire ta daga asusun ofis tun farko, sannan a ba sauran izinin gyara. Na biyu, waɗanda aka riga aka yi a asusun mutane, a miƙa mallakarsu: mai fayil ya shiga maɓallin Share, ya taɓa gefen sunan asusun ofis, ya zaɓi miƙa mallaka, asusun ofis kuma ya amsa gayyatar da za ta zo masa. In bai amsa ba, ba a yi komai ba. A kula, miƙa mallakar folda ba ya miƙa fayilolin da ke cikinta, ɗaya bayan ɗaya ake yi. In wani fayil ya ƙi, asusun ofis ya buɗe shi ya yi kwafi, kwafin nasa ne, sai a janye na asali don kada a ci gaba da gyara biyu.

Ware ranar Juma'ar ƙarshen wata a duba wannan. Minti goma ya isa: buɗe folda a kwamfuta, kalli layin da ke nuna mai kowane fayil. Duk inda ka ga sunan mutum a kan takarda mai muhimmanci, a gyara a ranar.

Masu hali su biya Google Workspace, yana da rumbun haɗaka inda fayil na ƙungiya ne ba na mutum ba, wannan ciwon kan duk ya tafi. Amma kuɗinsa a kan kowane mutum ne kowane wata, a lissafa kafin a shiga.

Mataki na 3: Wa zai gani, wa zai gyara

Izini uku ne: mai kallo kawai, mai sharhi, mai gyara. Masu gyara takarda ɗaya kada su wuce biyu ko uku. Oga ma sharhi ya dace da shi, ko kuma ya yi amfani da yanayin ba da shawara, inda gyaransa ke fitowa da launi daban har sai marubucin ya amince. A cikin sharhi in ka rubuta alamar @ da imel ɗin mutum, saƙo zai je masa kai tsaye.

Kada ka taɓa buɗe takarda ga "duk mai mahaɗin (link)" da izinin gyara. Ana yi ne don gudun wahalar rubuta imel shida, amma da zarar an tura mahaɗin wani zaure, shi ke nan. Baƙon da ya shigo ta wannan hanyar, a saman shafi da sunan wata dabba zai bayyana, kuma in ya share sakin layi, tarihin gyare-gyare ba zai faɗa maka ko wane ne ba. Haka kuma a cikin akwatin rabawa akwai ɗan hoton giyar inji, wato alamar saituna, a sama, shiga ka cire alamar da ke ba masu gyara damar ƙara wasu mutane.

Sannan a daina sauke takarda a gyara a waya a sake lodawa. Daga nan ake haihuwar "rahoto na ƙarshe", "rahoto na ƙarshe 2", "rahoto na ƙarshe gyararre na gaske". Takarda ɗaya ce, a gyara ta a inda take. Mai fama da rashin sabis ko ɗauke wuta ya kunna mata damar buɗewa ba intanet tun yana da data, gyaransa zai hau da kansa in sabis ya dawo.

Mataki na 4: Allon aiki

Trello, wanda kamfanin Atlassian ya saya a 2017, a kan tsarin kanban na masana'antar Toyota aka gina shi: kati yana tafiya daga layi zuwa layi har aiki ya ƙare. Allo ɗaya, layi huɗu: Za a yi, Ana kai, Ana jiran dubawa, An gama. Kada ka ƙara. Tsarin kyauta yana ba da allo 10 da mutum 10, amma allo ɗaya ya ishi ƙaramar tawaga wata shida.

Kati mai suna "Rahoto" ba kati ba ne. A rubuta "Kammala sashe na 2 na rahoton wata uku", a sa mutum ɗaya, a sa rana. Mutum ɗaya tak. Katin da aka sa wa mutum uku, kowa zai zuba ido yana jiran ɗan'uwansa. In aikin na mutum uku ne, a fasa shi kati uku. Kuma kada kowa ya riƙe fiye da kati biyu a layin Ana kai.

Fayil kada a loda shi a kati, iyakar kyauta megabait 10 ce, kuma zai zama kwafi na biyu. A manna mahaɗin Drive kawai. A duba wa ke iya ganin allon: kada ya kasance a buɗe ga jama'a, domin irin wannan allon yana fitowa a binciken Google. Kalmar sirri kuwa ba ta da wuri a kati ko kaɗan.

Mataki na 5: Hira

In kun saba da WhatsApp, ku zauna a can, amma zaure biyu: na aiki da na zumunci. Umarni da saƙon murya na minti huɗu haramun ne a zauren aiki, ba a iya bincika murya. Slack, manhajar hira ta ma'aikata, ya fi tsari saboda ana amsa kowace magana a ƙarƙashinta, sai dai na kyauta saƙonnin kwana 90 kawai yake nunawa, kuma tun 2024 yana goge abin da ya wuce shekara. Don haka shawarar da aka yanke a hira, a kwafe ta zuwa kati nan take.

Mataki na 6: Shigar da mutane

Zama ɗaya na minti 30, kowa da wayarsa a hannu, kowa ya ƙirƙiri kati ɗaya ya matsar da shi. Bayan nan duk wanda ya tambayi fayil a zaure, mahaɗi za a ba shi, ba fayil ba, ko da oga ne. Taron mako a yi shi allo na buɗe, daga layin Ana jiran dubawa ake farawa. Google Meet na kyauta yana yanke taron mutum uku zuwa sama a minti 60, Zoom a minti 40, a kashe kyamara data ta yi auki. Ranar da wani ya bar aiki, a karɓi mallakar fayilolinsa tukuna, sannan a cire shi daga folda, allo da zaure, kuma a canza kalmar sirrin asusun ofis in yana cikin biyun da suka san ta.