Yadda za ka zaɓi jakar goyo ta kamara don tafiya

Da farko ka shimfiɗa kayanka a kan tabarma: kamara, gilasanta, batura, caja, katin ajiya. Abin da ba za ka taɓa a hanya ba, ka bar shi gida. Kamara ɗaya da gilashi biyu, jaka mai lita 15 zuwa 20 ta ishe su.

Sannan ka ɗauki kayan ka tafi da su Babbar Kasuwar Yamai, kada ka saya da ido kawai. Ka zuba su ciki a gaban mai shago, ka rufe, ka girgiza. In ka ji suna karo, soson da ya raba su bai yi kauri ba.

Zif fa, nan ne nake tsayawa sosai. Ƙurar hunturu a hanyar Tawa tana shiga ta ƙaramar kafa, ta kwanta a kan gilashi. Ka nemi zif mai rufi a kansa, da rigar ledar da ake rufe jakar da ita da damina. Jakar da ake buɗewa ta gefen baya ta fi tsaro a tashar mota.

Ka goya ta, ka ɗan zagaya, ka ji kafaɗa.

In jirgi za ka hau a filin Diori Hamani, batura a jakar hannu suke tafiya, don haka ka tambayi girman jakar hannu da aka yarda kafin ka biya kuɗin jakar.