Yadda za ka haɗa hologiram a ɗakinka da sulen sidi ɗaya

'Yan uwa, wannan abin da yara ke yankan roba su kifa kan waya, ba hologiram ba ne, dabarar madubi ce kawai. Na gaskiyar, wato hoton da ke fitowa da zurfi kamar abin yana gabanka, Dennis Gabor ne ya ƙirƙiro shi a 1947, har ya ci kyautar Nobel a 1971, kuma wallahi ni nan Aboabo a Kumasi na yi shi a ɗakina.

Kayan aiki: jan leza ƙarami mai 5mW, amma ka kwance ɗan gilashin bakinsa don hasken ya bazu, sai faranti na musamman na gilashi mai maganin ɗaukar hoto a gefe ɗaya, irin PFG-03M, da maganin wankinsa, waɗannan kam oda za ka yi daga waje, filim ɗin hoto ba ya yi. Sauran duk a kasuwar Kejetia ko gida ne, kofi cike da yashi ka soke lezan a ciki, kwali, ƙaramar koriyar fitila ta gani a cikin duhu, da sulen sidi ɗaya.

Ka kashe fanka, ka rufe taga ruf. Ka kunna lezan minti 5 ya yi ɗumi, ka tare hasken da kwali, sannan a cikin duhu ka ɗora farantin kan sulen, gefen maganin yana taɓa shi, yadda haske zai ratsa gilashin ya bugi sulen ya dawo. Wannan tsarin wani masanin kimiyya ne, Denisyuk, na 1962.

To ga inda kowa ke faɗuwa, girgiza. Motsin da ido ba ya gani ma ya isa ya kashe aikin, ni faranti uku na ɓata don maƙwabciya na dakan fufu a bayan bango, na wanke na ga fili fetal, abin ya ci min rai. Yanzu a kan siminti nake yi, ƙarfe biyun dare bayan tirotiro sun daina wucewa, in zauna shiru minti 2, in ɗaga kwalin a hankali kamar sakan 10 in mayar. Kar ka kalli lezan kai tsaye don Allah.

Ka wanke yadda takardar maganin ta ce, ya bushe sarai, ka duba shi a rana, sulen zai fito kamar ka kai hannu ka ɗauka.

Sitikar hologiram ɗin da ke kan katin banki kuwa, a masana'anta ana zana uwar hoton ne kan gilashi mai magani, a tasar da hatimin nikel daga jikinta, shi ake dannawa kan leda mai ƙyalli dubu-dubu.