Abin da za ka duba kafin ka karɓi sabuwar motar lantarki

Kar ka yarda a miƙo maka makulli da magariba ko a cikin rumfa, a fito da ita fili da rana tsaka don fenti baya iya ɓoye aibinsa a rana. Zagaya ta a hankali kana duba ratar da ke tsakanin ƙofofi da bonet da but, hagu da dama su zama ɗaya, in wani gefen ya buɗe baki wani ya matse to akwai magana. Lambar chassis kuma haruffa da lambobi 17 ne, ta dace da ta takardun kwastam.

Inda mutane suka fi shan wahala wajen caji ne. Motocin da ake shigowa dasu kai tsaye daga Sin yawanci bakin cajinsu GB/T ne, na Turai kuma CCS2, basa shiga juna sai da adafta, to ka tambayi dila wanne ne a jikin taka kuma a jona ta a gabanka ka ga tana ɗauka, wallahi kar ka yarda da "ai tana yi Alhaji". Leƙa ƙarƙashinta ma, a nan batirin yake shimfiɗe, ko 'yar lotsawa ka gani kar ka raina ta.

Gefen taya akwai lambobi huɗu da ke nuna lokacin da aka yi ta, misali 2324 na nufin sati na 23 a 2024 aka yi ta. Kunna esi, gwada gilasai da fitilu. Duk matsalar da ka gani ka ɗau hoto a rubuta kafin ka sa hannu, garantin batir ma a ba ka shi a rubuce.