Darasi na 9: Kibiyar da Aka Ɗaura a Gida

Kibiya irin tamu ta gargajiya abu uku ce: kyauro, ƙarfe da ɗauri. Ba ma sa mata gashin tsuntsu a gindi kamar ta Turawa, nauyin ƙarfen da ke gaba shi ne ke riƙe ta a hanya. Saboda sauƙin haɗinta ne kowa yake ganin zai iya. Amma kibiyar da aka ɗaura da ganganci, kafin ta taɓa zomo ko gada, hannun mai ita take fara ci.

Zaɓen kyauro da awo

A yanki kyauro da rani bayan ya ƙosa, a ɗaure shi dami, a shanya a inuwa. Wanda aka baza a rana yakan tsage ta ciki, ido ba ya gani. Duk karan da ka ga ɗan rami a jikinsa kamar hudar allura, ko gari na zubowa in ka ƙwanƙwasa, ƙwaro ya riga ka. Jefa shi a murhu. Mai ɗan karkata kuwa ana gyara shi: a ɗumama gaɓar a kan garwashi, ba a harshen wuta ba, a miƙe ta da hannu a riƙe har ta huce.

Tsawo ba na kintace ba ne. Ɗauki kara marar ƙarfe, ka ɗora a tsirkiya, ka ja har inda ka saba ja. Wani ya tsaya a gefenka, ba a gabanka ba, ya sa alama a inda karan ya haɗu da baka. Ka ƙara faɗin yatsu uku, wato kamar santimita 5, sannan ka yanke. Dalili shi ne, gajeriyar kibiya in an ja ta sai bakinta ya zame ya faɗo cikin baka, ya tokari hannun da ke riƙe da shi. Ana sakin tsirkiya sai ta shige tsakanin babban yatsa da manuni. Don haka ba a aron kibiyar wanda hannunsa bai kai naka tsawo ba.

Sannan kaurin kyauro ya dace da ƙarfin baka. Siririn kara a kan baka mai tauri lanƙwashewa yake yi lokacin saki, wani lokaci ya fashe nan take. Ƙarfe mai nauyi yana ƙara masa wannan rauni.

Ɗauri

Nan ne aikin yake. Ka ce wa maƙeri ya bar wa ƙarfen wutsiya mai tsawon santimita 6 zuwa 8, wadda za ta shige cikin kyauro. Ka fara naɗe bakin kyauron kafin ka cusa wutsiyar, don in ka cusa tukuna zai dare. Naɗin ya kai santimita 4 ko 5, zare kusa da zare, ba gibi. Jijiyar dabba da aka jiƙa ta fi komai, domin tana ƙara matsewa in ta bushe. In babu, zare mai ƙarfi da aka shafa wa danko ya wadatar.

Gindi ma haka. A yanka gurbin tsirkiya dab da gaɓa, inda kyauro ya fi ƙwari, a naɗe ƙasansa santimita 2 zuwa 3. Mutane da yawa suna ƙawata gaba su manta da baya. In gindi ya tsage, tsirkiya za ta shige cikin karan, ƙarfin da ya kamata ya tafi da kibiya ya koma kan baka da hannunka.

Kowace fita, kowace kibiya: lanƙwasa ta kaɗan kusa da kunnenka, juya ta, ka sake. Ka ji ƙas, ko ƙarami ne? Karya ta biyu, ka cire ƙarfen, kada yaro ya tsinta. Hunturu yana busar da kyauro ya tsage, damina tana sassauta jijiya ta narkar da ƙaro. Wadda ta yi lafiya a watan jiya ba shaida ba ce yau.

Wurin gwaji

Ba a gwada kibiya a tsakar gida ko a lungu. Tana iya wuce mita 100 in ta kuskure, kuma katangar cikin gari ba ta da nisa da ta maƙwabci. A fita fili bayan gari, a jingina buhun yashi a gindin tudu, a fara daga taku 10, a ƙara zuwa 20. Kowa ya tsaya bayan mai harbi. Ba a harbi sama, ba a harbin motsin ciyawa, don mai itace da makiyayi duk a dajin suke.

Abin da doka ta ce

Dokar mallakar bindiga ta 1959 a kan bindigogi take, ba ta nemi lasin kwari da baka ba. Amma kada wannan ya ruɗe ka. Dokar fashi da makami ta 1984 ta lissafa kwari da baka cikin miyagun makamai, tare da mashi da adda da wuƙa. Ɗan sandan da ya tare ka a Ƙofar Mata ta Kano da dare da kibau a hannu, a garin da ake fama da faɗan daba, ba zai fara tambayar wa ya ɗaura su ba. In za ka fita, kwance tsirkiya, rufe kwari, sa su cikin buhu, ka riƙe katin ƙungiyarku ta mafarauta, kuma Sarkin Baka ya san da tafiyar. Kada ka ratsa kasuwa ko taron siyasa da su. Tafiya wata jiha kuwa ta fi haka nauyi: a watan Maris na 2025 aka kashe mafarauta 16 a Uromi ta jihar Edo suna hanyar dawowa Kano, bayan an ga makaman farauta a motarsu.

Dajin Falgore gandun gwamnati ne, ba a farauta cikinsa da kowane irin makami sai da izini. Dokar tarayya ta 1985, wadda aka yi wa gyara a 2016, ta hana kashe dabbobin da ke neman ƙarewa, irin su zaki, damisa, kada da ɗankunya. Cinna wa daji wuta don a koro nama shi ma laifi ne. Kafin fitar rani, shugaban ayari ya je hukumar kula da gidan zu da namun daji ta jiha ya tambayi inda aka yarda.

Dafi

Ba mu koyar da shi, kuma shawararmu a bar shi. Dafin kwankwani, tsiron da ake haɗa dafin kibiya da shi, zuciya yake tsayarwa, bai san dabba ba bai san mutum ba, ƙwarzane kaɗan wajen zaro kibiya daga kwari ya isa. Malaman Malikiyya kuma sun ce dabbar da aka tarar ta mutu da kibiya mai dafi ba a cin ta, tunda ba a san ko kaifi ne ya kashe ta ko dafin ba.

In kibiya ta sami mutum

Kada a zare ta. Kunnuwanta za su yago nama da jijiyar jini, kuma ita ce ta toshe ramin. A tallafe ta da tsumma mai tsabta ta kowane gefe, a ɗaure don kada ta motsa, a danne gefen raunin in jini na zuba. Ba toka, ba ƙasa, ba garin magani. A nufi sashen gaggawa na Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, a gaya wa likita in akwai dafi, a kuma nemi allurar tetanas, ciwon nan mai ƙulle muƙamuƙi.

Aikin aji

Malam Tanko ya ja kara, alama ta faɗa a santimita 66. A santimita nawa zai yanke kyauronsa? Rubuta amsar, sannan ka rubuta sunayen dabbobi huɗu da doka ta hana harbi.