Yadda Za a Koyar da Ɗalibi Mai Buƙata ta Musamman ta Inda Ya Fi Ƙarfi

Rahoton da ke rako yaro mai buƙata ta musamman zuwa aji yawanci jerin gazawa ne: ba ya karatu, ba ya zama wuri ɗaya, ba ya magana. Ko da duk gaskiya ne, malami ba zai iya tsara darasi da su ba. Abin da yake buƙatar sani shi ne me yaron ke yi da kansa ba tare da an sa shi ba, domin ta nan za a ja shi zuwa abin da ke ba shi wuya.

A fara da sa ido na mako biyu, minti goma kowace rana, ana sauya lokaci: yau cikin darasi, gobe lokacin hutu, jibi sa'ad da ake tashi daga wani aiki zuwa wani. A rubuta abin da ya zaɓa, tsawon lokacin da ya daɗe a kai, da irin taimakon da aka ba shi. Abin da ido ya gani kaɗai za a rubuta. "Yana da basira" ba ta da amfani ga kowa, amma "ya ware murafun kwalba 24 bisa launi cikin minti shida, shi kaɗai" ta nuna cewa yana iya rarrabewa da ido kuma yana iya natsuwa. A tambayi iyaye abin da yake yi idan an ƙyale shi a gida, shi ma a tambaye shi, ko da da hotuna zai nuna amsa.

Sha'awa daban, iyawa daban. Son motoci sha'awa ce, ita ke sa yaro ya zauna. Saurin riƙe hoto a ka iyawa ce, ita ke nuna hanyar da darasin zai bi. In aka samu duka biyun, aiki ya yi sauƙi.

Daga nan a zaɓi buri guda ɗaya da za a iya aunawa, kamar karanta kalmomi goma ko ƙirga kaya har ashirin, a ɗaure shi da ƙarfin da aka gano.

Yara masu lalurar Down, wadda ake haihuwar yaro da ita kuma take jinkirta koyo da magana, galibi sun fi riƙe abin da suka gani a kan abin da suka ji, shi ya sa karatu da katin kalma ke karɓarsu. A fara da kalmomi huɗu da suka shafi yaron, kamar sunansa da na 'yan gidansu. Da farko ya ɗora kati a kan wani katin mai kalma iri ɗaya. Idan ya ƙware, a faɗi kalma ya zaɓo ta. Sai a ƙarshe ya faɗe ta da baki ko da alamar hannu. Malamai da yawa kan tsallake zuwa mataki na uku, yaron ya kasa, su ɗauka karatun ne ya fi ƙarfinsa, alhali furucin ne ya tare shi.

Yaro mai otizim, wato lalurar da ke shafar magana da mu'amala da mutane, idan yana son motoci, da motoci za a koya masa tarawa da ɗebewa. A manna masa jadawalin hotuna uku zuwa biyar na ayyukan da ke gabansa, yana cire kowanne idan ya gama. Mai disleksiya, wato wahalar haɗa harafi da sautinsa, sau da yawa bakinsa ya fi alƙalaminsa, don haka a karanta masa darasin kimiyya ya amsa da baki. Amma a ci gaba da horon sautukan haruffa na minti 15 zuwa 20 kullum, domin amsa da baki ba ta koya masa karatu. Wanda zama ke gagara kuwa, a yanka masa aiki minti biyar-biyar, a zana lambobi a ƙasa ya riƙa taka amsa.

A kowane zama, abin da ya sani ya rinjayi sabo: cikin kati goma, takwas sanannu, biyu sababbi. Idan ya kuskure sau uku a jere, matakin ya yi faɗi, a raba shi biyu. Aiki mai matakai da yawa, irin su wanke hannu, ana iya koyar da shi daga ƙarshe: malami ya yi duka ya bar masa na ƙarshe, daga baya na biyun ƙarshe, ta yadda kullum shi ke kammalawa.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne ajiye yaro a kan abin da ya iya. An ga yana son zane, sai a miƙa masa takarda da fenti ya wuni a lungu, aji ya samu lafiya, shekara ta ƙare bai ƙaru da komai ba. Duk zanen da zai yi ya kasance yana ɗauke da wani abu daga burin, ko da kalma ɗaya ce zai rubuta a ƙasansa. Kada kuma a ƙwace abin da yake so don horo, domin daga ranar zai daina yarda da shi a hannun malami.

Yawan taimako ma illa ne. Bayan tambaya a yi shiru na daƙiƙa biyar zuwa goma, ba tare da maimaita ta da wasu kalmomi ba, saboda sabuwar jimla sabon aiki ce ga ƙwaƙwalwarsa. Taimakon kuma a riƙa janye shi: daga riƙe hannu zuwa nuni, daga nuni zuwa kalma ɗaya, sannan a bari. Haka motocin: idan ya iya ƙirga su, a kawo fensir da kujeru, in ba haka ba zai iya ɗauka cewa ƙirga ta motoci ce kawai. A guji ɗora wa yaro baiwar da ake jin masu irin lalurarsa na da ita. Ba kowane mai otizim ne gwanin lissafi ba, ba kowane makaho ne mai kunnen kiɗa ba.

Ƙarshen kowane mako a gwada shi sau goma ba taimako, a rubuta sakamako. Idan ya ci takwas a zama uku a jere, a wuce gaba. Idan mako huɗu ya shige babu motsi, a sauya hanya, kuma a nemi iyaye su kai shi a duba ji da ganinsa, domin raguwar ji ta zama ruwan dare ga yara masu lalurar Down, kuma tana iya kama da rashin fahimta.